Babi Na Bakwai: Jan Ɗigo da Idon Maharbi

A wata shekara, bayan an cire auduga an kai ma'auna, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗa karmami a gonakin da aka girbe, na kwana biyu a wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Ƙafur, a gidan wani dattijo wanda mutanen wannan yanki suka daɗe suna aika wa idan gursunu ya addabi rogo ko birai suka faɗa wa masara, domin shi maharbi ne ɗan maharbi, kuma ba a taɓa jin ya raunana dabba ya bar ta ta tafi da ciwo ba. Da muka idar da sallar isha'i muka zauna a zaure, sai na hangi bindigarsa a rataye, an naɗe ta da tsumma, ƙura ta kwanta a kan tsumman, alamar ta daɗe ba ta ga dawa ba.

Na ce masa, "Baba, ƙarfi ne ya ƙare, ko kuwa naman ne ya ƙare?"

Ya ce, "Malam, nama ya ragu, wannan kowa ya sani, amma ƙafata tana nan, kafaɗata ma tana nan. Ido ne ya gaza. In na tsura wa tsinin bakin bindiga ido, dabba ta zama hazo. In na dubi dabba, tsini ya narke. Wanda ba ya ganin biyun nan tare kuwa, in ya harba, ya yi zalunci."

Wannan magana da dattijon nan ya faɗa cikin kalmomi kaɗan ita ce asalin mas'alar da ta sa masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna ƙoƙarin gyara saitin bindiga, kuma wanda bai fahimce ta ba, duk abin da za a gaya masa game da babban madubin saiti da ƙarami zai zama kamar karatun da aka fara daga tsakiya. Bindigar raifal, wato wadda aka yi wa tsaga mai murɗawa a cikin bututunta don harsashi ya fita yana juyi ya tafi sak, tana da alamomin saiti biyu na ƙarfe, 'yar tsaga a baya kusa da ido da ɗan tsini a gaba can bakin bututu, kuma wajibi ne mai harbi ya jera su biyun a kan abu na uku, wato abin da yake nufi, wanda ke can nesa. To, Allah da ya halicci ido bai ba shi ikon tsayar da ganinsa a wuri uku lokaci guda ba. Yaro mai jini a jika yana iya kai ganinsa kusa ya mai da shi nesa cikin ƙiftawa har bai san yana yi ba. Amma daga shekara 40 zuwa sama ƙwayar ido takan fara taurara, abin kusa ya riƙa dushewa, shi ya sa za ka ga malami ya miƙa hannu da littafi nesa da fuskarsa kafin ya iya karantawa. Abin da ya sami malami a gaban littafinsa, shi ne ya sami maharbi a bayan bindigarsa.

Ya kamata a ce ɗalibanmu sun san cewa tushen ilmin da aka warware wannan matsala da shi yana da alaƙa da magabatanmu. Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya kafa hujja ta hanyar gwaji, a littafinsa Kitabul Manazir, cewa gani yana samuwa ne saboda haske yana tasowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin ra'ayin waɗanda suka ce wani haske ne ke fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Kuma ya yi dogon nazari a kan yadda haske ke dawowa idan ya bugi madubi mai lanƙwasa. A kan irin wannan ilmi ne wani maƙerin madubin duban taurari mai suna Howard Grubb, mutumin birnin Dablin na ƙasar Ailan, ya tsaya a shekarar 1900 ya ƙago wata na'ura wadda mai harbi zai duba ta cikin gilashinta ya ga alamar saiti tana shawagi kamar a jikin abin da yake nufi take. Jamusawa suka fara ɗora irinta a jiragen yaƙi a 1918, ta kuma bazu a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, amma ga mai tafiya a ƙasa ba ta yi amfani sosai ba, domin ta dogara ga hasken rana ko ga fitila mai cin wuta. Sai a 1975, wato daidai shekarar da aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wani kamfani mai suna Aimpoint da ke birnin Malmo na ƙasar Suwidin ya fitar da madubin saiti na farko mai 'yar fitilar lantarki ja, kuma mafarauta da masu gasar harbi ne suka fara karɓarsa, tun kafin sojan Amurka su ƙulla cinikinsa a 1997.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A cikin bututun na'urar akwai 'yar fitila wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, tana haska jan haske zuwa ga gilashin gaba. Shi kuwa gilashin an lanƙwasa shi, an kuma shafa masa wani shafi wanda ke mai da jan haske baya ya bar sauran launuka su wuce, saboda haka mai dubawa yana ganin daji kamar ta taga, ga kuma jan ɗigo a tsakiya. Hikimar tana cikin lanƙwasar, domin ita ce ke miƙar da hasken ya iso ido kamar daga nesa ya taso, sai ido ya tsaya a kan dabba shi kaɗai, ɗigon kuma ya fito tangaran a jikinta, abubuwa uku suka koma ɗaya. Babu wani haske da ke fita ya sauka a kan dabbar, mai harbi kaɗai ke ganin ɗigon. Kuma na'urar ba ta jawo nesa kusa ko da taki ɗaya, wannan aikin madubin hangen nesa ne, wanda babi ne dabam; a riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Kafin a shiga zaɓe tsakanin babba da ƙarami, amana ce a kaina in faɗi su waye wannan magana ta shafa a ƙasarmu. Galibin bindigogin da ke hannun maharban Funtuwa da Malumfashi na toka ne, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda wasu ke kira adaka wasu harba-ka-ruga, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan mutanen Denmak saboda fataken ƙasar da suka riƙa sayar da su a gaɓar tekun Gana. Daɗewarsu a hannunmu ma tana da dalili a tarihi, domin a yarjejeniyar Birasils ta 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla hana shigo da raifal na zamani mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin fatauci. Irin wannan bindiga cikinta sumul yake, awon albarushinta da ido da yatsa ake yi, ɗurin yau ba ya zama daidai da na jiya, abin da aka ɗura kuma watsuwa yake yi. Ɗora mata jan ɗigo daidai yake da ɗaura wa jaki sirdin azurfa a ce ya yi sukuwa, kuɗi ya tafi, saiti bai ƙaru ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ake bi, ta kasa bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, raifal irin na soja yana cikinsu, na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye da raifal na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na toka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Da masu lasisi nake magana, da masu gadin gandun daji irin na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da ma'aikatan da hukuma ta ɗora wa riƙon makami. Wanda ya san abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka sha a hannun ɓarayin daji, ya kuma tuna ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin wannan sharaɗi.

A cikin dokar nan akwai wani sharaɗi da ya dace da babinmu ƙwarai, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba: bayan ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce, ta kuma hana shi ga wanda raunin ganinsa ya sa bai cancanci riƙe bindiga ba. Ashe fatawar da dattijon nan ya yi wa kansa a zaure ta yi ittifaƙi da dokar ƙasa, alhali bai taɓa karanta ta ba.

To, ga babba ga ƙarami. Babban shi ne siffar asali, bututu ne mai kaurin milimita 30, tsawonsa ya kai tsawon tafin hannu, kuma idan muka ɗauki wanda kamfanin nan na Suwidin ke kira PRO a matsayin misali, nauyinsa giram 220 ne shi kaɗai, ya haura 300 idan aka haɗa da ƙarfen da ke riƙe shi a kan bindiga. Ƙaramin kuwa ya fito ne a 2007 da sunan Micro, tagarsa ba ta wuce milimita 20 ba, mutum yana iya dunƙule shi a hannu, nauyinsa kuma giram 84. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai nauyin wayar hannu ba, kuma mai zaune a shago yana jujjuya su zai ce wannan ba abin da za a tsaya jayayya a kansa ba ne. Amma ni na yi tafiya da maharba, na kuma san cewa tun da layin dogo ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, auduga ta ci daji, masara ta biyo bayanta ta ci saura, har ya zama gwanki sai a labari, gada da mazo da zabin daji ma sai an yi nisa ana bin bakin rafi da gindin duwatsu. Mai neman nama a yau yakan fita da asuba, ba ya komowa sai azahar ta gota, da bindiga a kafaɗa da gorar ruwa a ɗamara, kuma abin da bai kai nauyin waya ba da hantsi, da rana tsaka yana da nasa hukunci. Ƙari a kan haka, nauyin yana zaune ne a saman bindiga, inda yake sa ta rinjaya gefe idan an ɗaga ta da sauri, kuma gwargwadon sauƙin bindigar gwargwadon yadda hannu ke jin wannan rinjaye.

Hujjar da masu son babba suka fi kafawa ita ce faɗin taga, suna cewa wanda ya duba ta babbar taga ya fi ganin daji. A nan ne nake ganin an fi yin kuskure, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Jan ɗigo ba a runtse masa ido ɗaya kamar yadda aka saba da saitin ƙarfe. Ido biyu ake buɗewa, na dama yana ganin ɗigo ta cikin gilashi, na hagu yana ganin fili gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu su zama ɗaya, sai jikin na'urar ya koma kamar wani siririn zobe na inuwa da ɗigo a tsakiyarsa. Idan haka ne, faɗin abin da mutum ke gani idanunsa biyu ne suka ba shi, taga ba ta ƙara masa ba ta rage masa, bal ma jikin babban madubi, da murafunsa da gidan batirinsa, ya fi na ƙaramin tare wa ido wani yanki na fili. Sa'an nan faɗin taga a ido ya danganta da nisanta daga fuska, kamar yadda mai leƙe ta kafar ƙyaure yake ganin tsakar gida duka idan ya matso, ya ga kaɗan idan ya ja da baya. Ƙaramin da aka ɗaura kusa da ido yana iya cika gani kamar babban da aka tura gaba.

Amma kada a ɗauka babbar taga ba ta da fa'ida, tana da ita, sai dai a wani wuri ne dabam da inda ake zato. Fa'idarta haƙuri ne da kuskuren mai riƙo. Ɗigon ba ya bayyana sai ido ya zo daidai bayan bututu, kuma wanda ya saba, wanda kuncinsa ke sauka wuri ɗaya a gindin bindiga duk lokacin da ya ɗaga ta, zai tarar da ɗigo yana jiransa ko taga ta kai ƙanƙantar kwabo. Wanda bai saba ba kuwa, ko wanda hali ya tilasta wa harbi a karkace, yana tsugune a bayan kunya ko yana zaune a rumfar gadi a tsakiyar rake irin na Ɗanja, zai iya ɗaga bindiga ya ga gilashi wayam, ya shiga jujjuya kai yana neman ɗigo, kafin ya same shi gursunu ya shige duhuwa. Ga irin wannan mutum milimita 10 da babban ya fi ƙaramin da su abu ne mai daraja. Haka nan maɓallan babban sun fi girma, yatsun da sanyin asubar hunturu ya ƙandare sun fi iya murɗa su, kuma galibi farashinsa bai kai na ƙaramin da ke daidai da shi a inganci ba, domin ƙanƙantar da abu ba tare da rage ƙarfinsa ba aiki ne mai tsada.

Akwai kuma batun tsayi. Yawancin bindigogin farauta an sassaƙa gindinsu ne don ido ya kwanta ƙasa-ƙasa daidai da saitin ƙarfe, manyan madubai da yawa kuwa sukan zo da maɗauri mai tsayi wanda aka yi domin bindigogin soja, sai mai shi ya ga dole ya ɗaga kuncinsa daga itace kafin ya ga ɗigo, kai kuwa in ya rasa madogara saiti ya raunana. Ƙaramin ya fi sauƙin kwantarwa kusa da bututu.

Wani abin da ake yawan cakuɗawa shi ne girman na'ura da girman ɗigo, alhali babu abin da ya haɗa su, ana samun ƙaramin madubi mai ƙaton ɗigo da babba mai ɗan mitsitsi. Ma'aunin ɗigo kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman hisabi da falaki, waɗanda suka kasa da'ira daraja 360, kowace daraja kuma daƙiƙa 60. Da wannan daƙiƙa ɗin ake auna shi. Daƙiƙa ɗaya tana rufe kusan santimita 3 a nisan mita 100, saboda haka ɗigo mai daƙiƙa 2 yana rufe kusan santimita 6, mai 4 kuma kusan 12, a mita 50 kuwa rabin haka. Mai nufin dabba ƙarama kamar zomo ko gada a ɗan nesa ya fi bukatar ƙaramin ɗigo don kada ya lulluɓe wurin da ake so a sama. Mai harbi kusa a cikin sarƙaƙiya, inda sauri ya fi komai, babban ɗigo ya fi saurin kama masa ido.

Yanzu sai abin da masu rubutu a Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rabin mas'alar, wato batir da ƙura. Na'ura mai kyau ba ta da cin wuta: ƙaramin nan na Suwidin yana iya kwana a kunne awa 50,000, wato fiye da shekara 5, a kan batir ɗaya, PRO awa 30,000, wani babban kuma mai suna CompM4 awa 80,000. Amma kowane batir yana da ranar mutuwarsa, zafin bazara irin namu kuma yana gaggauta ta, saboda haka tambayar da ta kamaci mutumin Malumfashi ita ce, ran da ya mutu ina zan sami wani? Ƙaramin yana amfani da batir mai faɗi kamar kwabo, mai lamba CR2032, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo da kwamfuta da makullin mota a Funtuwa. CompM4 yana cin batir irin na 'yar tocila da rimot, wanda ko mai tebur a ƙauye yana da shi. PRO kuwa nasa wani gajeren batir ne da ba a cika gani a kasuwanninmu ba, kuma na'ura mai tsada wadda batirinta ke Legas ko Kano, a ranar bukata ita da babu ɗaya ne. Wanda ya saya ya ajiye na biyu tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kada ya cire saitin ƙarfen bindigarsa, ya bar shi a matsayin madogara.

Game da ƙura kuwa, akwai wani nau'i na ƙananan da ba su da bututu, gilashi ɗaya ne tsaye a fili da 'yar fitila a buɗe a bayansa, kuma sun fi kowanne sauƙi. Sai dai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka har a cikin kwanon abinci, ko a watan Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa ɗaya a bakin fitilar ya isa ya tarwatsa ɗigon ko ya shafe shi. Saboda haka duk inda na ce ƙarami a wannan babi, rufaffe nake nufi, mai gilashi gaba da baya. Kuma kada a goge gilashi da bakin riga yana da ƙura, domin yashi yana kankare shafin da ke kansa. A hure tukuna, sa'an nan a shafa da ƙyalle mai laushi.

Jabu ya yi yawa, wasu ma don bindigogin wasan yara aka yi su, an buga musu sunan manyan kamfanoni. A hannu ba a rarrabe su, sai bindiga ta yi shuri sau biyar ko goma, abin da ke ciki ya goce, ɗigo yana nuna gabas harsashi yana tafiya arewa. Babba na jabu da ƙarami na jabu hukuncinsu ɗaya. Ko na ƙwarai ma ba ya zuwa a daidaice, sai an gwada shi a kan takarda a wurin da hukuma ta yarda, inda akwai tudun ƙasa a baya, an murɗa har ɗigo da harsashi su haɗu a nisan da aka saba harbi.

Na ce za mu komo kan cewa jan ɗigo ba ya jawo nesa, ga dalili. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar farauta ba tare da hukunci ba, Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta haɗa ta a babi ɗaya da layya da yanka, kuma abin da ɗalibi ke tashi da shi shi ne: farauta don abinci ko don kare amfanin gona halal ce, don wasa kawai makaruhi ce, a ambaci sunan Allah lokacin sakin makami, dabbar da aka tarar da sauran ranta sai an yanka. Harsashi bai zo a zamanin magabata ba, malaman baya suka yi saɓani a kansa, mafi yawansu suka halatta saboda yana huda ya zubar da jini. A bayan waɗannan hukunce-hukunce duka akwai umarnin kyautatawa ko a wurin kisa, kuma a nan ne nake ganin darajar wannan na'ura ta haƙiƙa, domin harbin da ya sami makasa rahama ne ga dabba, wanda ya sami cinya ko ciki kuwa azaba ce ta kwana da kwanaki. Amma na'urar tana da fitina guda, ita ce gaggawa. Tana gaya wa mutum inda harsashi zai sauka cikin ƙiftawar ido, ba ta gaya masa ko mene ne ke motsi a cikin dawar da ta fi mutum tsayi, ko gada ce, ko akuyar maƙwabci, ko yaron Fulani da ke bin saniya, ko mace mai ɗiban itace. Ƙasarmu ba dajin Suwidin ba ce, babu fadamar da ba ta da mai ita, babu hanyar rafin da ba a bi. Kisan kuskure kuwa shari'a ta ɗora masa diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, ban da hukuncin kotu, ban da abin da zai zauna a zuciya har kabari. Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake fifita duk na'urar da ta fi barin ido biyu su ga gefe da gefe, kuma nake ƙin a koya wa yaro runtse ido a bayanta.

Sauran magana ta ido ce, inda muka faro. Jan ɗigo yana warkar da irin ciwon dattijon nan idan tsufan ƙwayar ido ne kaɗai, domin ya ɗauke masa wahalar duban kusa. Amma akwai wani lahani da likitoci ke kira astigimatizim, wato rashin daidaiton lanƙwasar ido, wanda ke sa mai shi ya ga ɗigon kamar tauraro mai wutsiya ko kamar tarin ɗigogi, haka nan mai yanar ido yakan ga haske ya baje; sau da yawa irin wannan mutum yakan zargi na'ura ya sayi wata mafi girma, alhali girman taga ba ya gyara wannan ko kaɗan. Gwajinsa mai sauƙi ne: a juya na'urar a hannu ana kallon ɗigon, idan wutsiyar ta juya tare da ita laifin na'ura ne, idan ta tsaya wuri ɗaya laifin ido ne, maganinsa kuwa tabarau ne ko aikin likita, kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano, duka tafiyar yini ɗaya ce daga Funtuwa a je a dawo. Abin da na gaya wa mai masaukina ke nan da safe da muna sallama, na ce, "Baba, bindigarka ta toka ce, madubi ba zai ƙara mata komai ba, amma idonka yana da haƙƙi a kanka, ka bari yara su kai ka a duba shi." Ya ce in Allah ya kai mu bayan sallah zai je.

Hukuncina dai shi ne: mai lasisi wanda ke yawo da ƙafa, bindigarsa marar nauyi, kuma yana da himmar maimaita ɗagawa har kuncinsa ya san wurinsa, ya ɗauki ƙaramin rufaffe mai ɗigon daƙiƙa 2, kuma mafi yawan maharban wannan yanki a nan suka faɗo. Mai zaman gadi wuri ɗaya, ko sabon shiga, ko wanda hannunsa ya fara nauyi, ya ɗauki babba, da sharaɗin batirinsa irin wanda ake samu a kasuwar garinsu ne, kuma maɗaurinsa bai raba kuncinsa da itace ba. Mai bindigar toka ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki. Kowane ɗaya daga cikin ukun kuma, in ya haura shekara 40, ina roƙonsa ya fara zuwa a auna masa ido kafin ya sake fita dawa.